Memorin da Aka Wanke

Maigidana ya rasu ya bar ni da 'ya mace ɗaya, da wata 'yar na'ura da har yau ban iya faɗin sunanta ba. Ba ta fi tafin hannu ba. Koren allo ne tsirara mai ƙananan ƙarafa a jiki, ya saka shi cikin robar sabulu da ya huda wa ramuka don ya sha iska, ya ɗaure a bayan talabijin ɗinmu a Gyaɗi-Gyaɗi. Shi yana cewa kwamfuta ce cikakkiya. Ni kuwa 'yar roba nake ce mata.

A ɗakin gwajin jini yake aiki a asibiti, amma in ya dawo gida wayoyin lantarki ne abin hirarsa. Duk sanda wayata ta cika, sai ya karɓa ya kwashe hotuna da bidiyo ya zuba a 'yar robar, ya goge na wayar. Tasa ma haka yake yi mata. Bikin sunan yarinyar, ranar da ta fara tafiya, karatun da yake biya mata bayan la'asar, duk suna ciki. In muna so mu gani, shi ke kunnawa, mu zauna a tabarma mu kalla. Ban taɓa tambayarsa yadda ake yi ba, don ban ga ranar da zan buƙata ba.

A kan babur mota ta buge shi wajen Hotoro. Wayarsa ba a gan ta ba a wurin. Shi kuma ba mai tura saƙon murya ba ne, kira yake yi ya faɗi abin da zai faɗa ya kashe. Saboda haka da gida ya watse bayan sadakar bakwai, na zauna na gane cewa muryarsa ba ta rage a ko'ina ba sai cikin robar nan.

Yarinyar ce ta fara nema. Lokacin ba ta shiga firamare ba. Ta tsaya gaban talabijin ta ce, "Umma, kunna mini Abba."

Na leƙa bayan talabijin na ga robar tana nan, amma babu cajarta. Ashe ranar da dangi suka yarda a yi sadaka da tufafinsa, an haɗa da ita cikin jakar, an ɗauka cajar wayar da ta ɓata ce. Wa aka ba, babu wanda ya tuna. Na ɗauko cajar wayata, bakinta ya shiga daidai, na yi hamdala. 'Yar jar fitila ta kama. Talabijin ya kawo launuka kamar bakan gizo, rubutun Turanci ya fara gudu, sai ya ɗauke. Ya sake kawowa, ya sake ɗaukewa. A kusurwar sama wata 'yar alamar walƙiya tana fitowa tana ɓacewa.

Ina cikin takaba, ba na fita. Abin da nake da shi shi ne yini mai tsawo da cajojin maƙwabta. Na aro ta matar mai gidan, na aro ta ɗaliban jinya da ke haya a ɗakin waje, na gwada da fawa bank. Wata ta kai ni har inda hoton allon ke fitowa, 'yar kibiyar da ake nuna abu da ita a allon ta motsa, sannan komai ya mutu. In ta tsaya cak ba ta gaba ba ta baya, sai in zare daga soket in mayar, kamar yadda ake yi wa rediyo. Wani lokaci ma ba ni ke zarewa ba, wuta ake ɗaukewa tana tsakiyar tashi. Haka na yi ta yi har wata safiya ta daina kai wa ko'ina. Jar fitila kawai, da koriya mai ƙiftawa, talabijin baƙi ƙirin.

Akwai abokinsa da suke aiki tare, wanda suke wannan harkar da shi. Lambarsa tana wayata. Na sha ɗauko ta in ajiye. Mace mai takaba ta kira namijin da ba muharraminta ba a kan abin kallo, ban san yadda za a ji shi ba, kuma surukata tana gidan a lokacin. Sai na jira Yayana.

Yayana adaidaita sahu yake ja, yana biyowa ta gidan duk Juma'a da ɗan cefane. Na nuna masa. Ya juya robar a hannu ya ce, "Wannan ce kwamfutar? Allah ya jiƙan mutumin nan, shi komai nasa sai ya zama daban. Wasu na sayen babba, shi ya sayo jaririya."

Na ce, "Yaya, hotunanmu ne a ciki, da muryarsa."

"To ai sai a kai wa masu ita. Akwai wani a Tarauni da ke gyara mini waya, hannunsa da kyau."

Ya tafi da ita. Bayan azahar ya kira ni daga shagon, ina jin ƙarar janareto da hayaniyar kasuwa. Ya ce an samu matsalar farko, caja ce, tawa ba ta da ƙarfin da na'urar ke so, ga wata an gwada ta ɗauka. Sannan ya ce, "Ga shi, yi magana da shi da kanki."

Mai gyaran ya yi mini gaisuwa cikin ladabi, ya yi wa mamacin addu'a. Ya ce, "Hajiya, injin lafiyarsa ƙalau. Memorin da ke ciki, ɗan katin da ke riƙe da hotunan, shi ne ya rikice, shi ya sa ba ta tashi. Sai dai a wanke shi."

Ni a sanina, hoto ake wankewa. Tun ina ƙarama in an ɗauki hoton Sallah, sai a ce an kai wanki, bayan kwana biyu a kawo shi a takarda. Da na ji ya ce wanki, abin da ya zo mini shi ne zai fito mini da hotunan a hannu, in riƙe, in sa a bango.

Na ce, "Za su wanku duka?"

Ya ce, "Tas. Ba abin da zai rage."

Na ce, "To a wanke. Allah ya saka da alheri."

Yaya yana tsaye a wurin, shi ma abin da ya ji ke nan. Mai gyaran kuma kullum haka ake kawo masa memori a ce ya wanke, ma'ana ya share komai ya bar shi fayau. Ya faɗi abin da zai yi, an ce ya yi. Ya ƙara da kyautatawa ma, ya nemo tsarin da na'urar ke tashi da shi ya ɗora sabo, bai karɓi ladan wannan ba saboda marainiya.

Da yamma Yaya ya shigo da fara'a. Na dubi hannunsa ban ga ambulan ba, na ce ko sai gobe hotunan. Ya ce bari dai mu kunna. Ya haɗa sabuwar cajar, ya cusa wayar bayan talabijin, muka yi ta neman tashar da take fitowa har muka samu. Na'urar ta tashi da sauri, ba ƙiftawa, ba alamar walƙiya. Wani hoton tsauni ya cika allon, wanda ban taɓa gani ba. Ta tambaye mu ƙasarmu da harshen da muke so, Yaya ya yi ta dannawa da ɗan madannin da maigidana ya bari. Yarinyar ta matso ta zauna a inda ta saba zama.

Muka buɗe wurin hotuna, ba komai. Wurin bidiyo, ba komai. Yaya ya kira mai gyaran, ya fita tsakar gida. Ina jin sa yana cewa, "Wane irin wanki? Kai wane irin wanki ka yi?" Daga nan muryarsa ta yi ƙasa. Da ya dawo bai shigo ɗakin ba, ya tsaya a bakin ƙofa ya cire hularsa ya riƙe.

Surukata ce ta yi magana. Ta ce, "Wanda ya yi hoton ma ya tafi, balle hoto. Ku yi haƙuri." Gaskiya ta faɗa, kuma ɗanta ne. Na tashi na ɗora tukunya.

Ban sake kunna ta ba har na fita takaba. Bayan nan abokin nasa ya zo gaisuwa da matarsa, sai matar ta ga robar a ajiye kusa da talabijin ta tambaya. Na ba su labari a taƙaice. Abokin ya karɓi robar ya buɗe ta. Sannan ya ce da tun farko an zare memorin an sa a wata kwamfutar, da an kwashe komai, don rikicewar ba ta taɓa hotunan ba, hanyar tashi kawai ta lalata. Ƙaramar caja da yawan yankewar wuta ne suka jawo. Matarsa ta harare shi.

Ya ce, "Maman yarinya, kin zuba wani abu a ciki tun daga ranar?"

Na ce ban ko taɓa ba.

"To kar a taɓa. Wanki ba ya share komai nan take, sai an rubuta wani abu a kai. Inda sabon tsarin ya hau ya tafi. Sauran, zan gwada. Ban yi miki alkawari ba."

Ya zare memorin da farcensa, ɗan abu kamar ƙwayar kabewa, ya naɗe a takarda. Na ga ya sa a aljihun gaba ya danne da hannu.

Ya ɗauki makonni. Ranar da matarsa ta kawo mini saƙon, a filashi ta kawo, ta ce ya ce in ajiye wannan daban, kada in sake tara ƙwaina a wuri ɗaya. Ta haɗa mini, ta nuna mini inda zan danna da yadda ake kashe na'urar kafin a zare wuta, sannan ta ce tana da aikin yamma, ta tafi. Na san don ta bar ni ni kaɗai ne.

Hotuna sun dawo da dama, a hargitse, ba suna ba tsari. Wasu rabinsu toka-toka ne, kai ya fito jiki babu. Na yi ta wucewa. Ni ce, yarinyar ce, ni ce da yarinyar, surukata, ragon layya, allon wayoyi da ya ɗauka don harkar lantarkinsa. Sai a lokacin na lura shi ne mai ɗauka kullum. Inda ya fito bai kai yatsun hannu ba, a ɗaya ma ƙeyarsa ce.

Karatun la'asar bai dawo ba. Bidiyon suna ya ƙi buɗewa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya kawo baƙin allo ya rufe. Guda ɗaya ne ya yi motsi, gajere ƙwarai, da alama bai san yana ɗauka ba. Siminti ne na tsakar gidanmu, da gefen tabarma, da wata 'yar waya ja a hannunsa. Inuwar mutum ta faɗo a kai. Sai muryarsa, kusa, ba ɗagawa:

"Ɗan matsa mana, kin tare mini haske."

Shi ke nan abin da ke ciki.

Yarinyar ta dawo daga islamiyya ta same ni a zaune. Na kunna mata. Ta saurara, ta ce in sake, na sake. Ta dube ni ta ce, "Umma, wa yake wa faɗa?"

Na ce, "Ba faɗa ba ne. Da ni yake."

Ta ce, "To kin matsa?"

Na ce mata na matsa.