Shekarar da Anka Hana Matata Taɓa Ƙarfe

Matata taubashiyata ce, ɗiyar kawuna, don haka tun kafin aure nike da izinin tsokanarta, kuma ban taɓa sakaci da wannan aiki ba.

Wani rani, muna cikin cirar albasa a garkarmu ta Karofane, ta ji ƙullutu a nononta na hagu, ba zafi ba ƙaiƙayi. Tsofaffin gida sunka yanke hukunci nan take: ciwon daji ne, shi ko daji bai son ƙarfe, allura na taɓa shi sai ya bazu. Anka cire mata 'yan kunne, anka ɓoye allurar ɗinki, har wuƙar yankan albasa anka amshe anka miƙo mini. Kullum ina yanka ina hawaye, mutane na cewa ga mai son matarsa.

Na yi lakkol, makarantar boko, har inda mushe, malaminmu, ya gaji da ni, saboda haka ni ne masanin gidan. Na ɗauke ta bisa moto, wato babur, zuwa wurin sajfam, ungozomar likita. Matar ta lalluba, ta tambaya ko wata ta taɓa yin irinsa cikin dangi. Akwai innarta, akwai yayarta, duk sun rasu. Ta ce wani lokaci abin na bin jini, shekaru ma na ƙara haɗarinsa, mu tafi Yamai tun yana ƙarami.

Kan hanyar komawa gida matata ta ce, "Ba mai yanka ni."

"To. Yayarki ƙarfe ya taɓa ta?"

"Ko allura."

"Tana ina yanzu?"

"Allah ya shirye ka, tsohon banza."

"Amin. Riƙe ni da kyau, ga rami."

Muna isa gida ta shiga ɗaure kaya.

A Yamai anka cire nonon. Maganin da anka riƙa ɗura mata ta jijiya ya zubar da gashinta kaf, na ce sai yanzu ta yi kama da danginmu masu sanƙo. Ba ta yi dariya ba, amai take.

Gashin ya dawo, nonon bai dawo ba. Har yau muna komawa a duba ta, ta kuma koya wa 'ya'yanmu mata lalluba kansu wurin wanka.

Ran da ƙarfinta ya dawo ta iske ni tsugunne gaban albasa, ta miƙo hannu.

"Ba ni wuƙata. Rabi kake zubarwa da ɓawo."