Zobe Uku a Gindin Ƙwarya

A zamanin ƙuruciyata, wanda yake son ganin zane sai ya taka har inda mai zanen take, ya yi sallama, ya zauna hayaƙi ya cika masa ido. Yau kuwa jikata Ramatu tana zaune a kan tabarmata a nan Agiye, da yatsa ɗaya tana ture ayyukan gwanaye a fuskar waya, daga ƙasashen da ni kaina, duk yawona, ban taka ba. Tana lakol ɗin koyon zane a Yamai, hutu ne ya kawo ta gida. Mushensu, wato malaminsu, ya ba su aikin ƙarshen shekara: kowa ya duba ayyukan masu zane, ya ɗebi abin da ya burge shi, sannan ya fitar da zanen atamfa na kansa. Wannan aikin ne ya tayar mini da wata tatsuniya da ta daɗe tana kwance.

Kakata Inna Dado Bafillatana ce, rugarmu tana arewa da Cadawa. Mijinta ya rasu da wuri, shanun da ya bari ba su taka kara sun karya ba, don haka da zanen ƙwarya ta riƙe gida. Da an yi magariba an ci tuwo, sai ta hura wuta da kara da busasshen kashin shanu, ta jera wuƙaƙenta huɗu a garwashi. Ba don mu ake hura wutar ba, don wuƙaƙen ne. Mu 'yan cin arziki ne kawai. Takan ɗora ƙwarya a cinya, ta zaro wuƙa ja wur, ta dangwala, ƙauri ya tashi, sannan ta ce, "Ga ta nan, daga nesa ta taso." Mu ce, "Ta sauka mu ba ta ruwa." Hausarta da ɗan ɗingishi take tafiya, in labari ya yi zafi kuma sai Fulatanci ya ƙwace linzami.

Tana da tatsuniyoyi da yawa, amma akwai guda wadda in za ta ba da ita ba ta dariya. Ita ce ta Mai Dogon Ido.

Wai an yi wata mace mai zanen ƙwarya, duk wadda ta ɗauki nono a ƙwaryarta kafin ta sauke an saye. Tana da maƙwabciya a cikin gari, ana ce mata Mai Dogon Ido, domin abin da ke ɗakinta ba ta ganinsa, sai na ɗakin wasu. Wata rana ta zo ta ce ta yi baƙi, a ara mata ƙwarya mai kyau ta dama fura. Aka ba ta. Ta yi kwana bakwai da ita, ta kwaikwayi zanen tsaf, ta yi iri goma, ta kai kasuwa. Da mata suka ce, "Ai wannan hannun wance ne," sai ta tafa hannu ta ce, "Wance? Ni na koya mata! A gabana ta fara riƙe wuƙa." Magana ta zaga kasuwa. Ranar da mai zanen ta baza nata, wata yarinya ta ɗaga ƙwarya ta ce, "Kin kusa kamo uwar ɗakinki, ki ƙara ƙoƙari."

A nan Inna takan dakata, ta mayar da wuƙa wuta, ta dube ni. "Maigida, in kai ne mi za ka yi?"

"In je in fasa mata ƙore!"

"Shi ya sa ba ni aurenka, ba ka da haƙuri. Wanda ya fasa ƙwarya shi ake kai wa gaban mai gari. Bari ƙwarya ta fashe da kanta."

Mai zanen ta kwashe ƙorenta ta koma gida. Ta jira har kaka. Ta zaɓi duman da ya fito a tsohon makwancin shanu, mai kauri, wanda ya bushe a jikin yaɗonsa. Ta yi masa zanen da ba a taɓa gani ba: ɗigon zabuwa a baki, saƙar tabarma a ciki, sannan zobe uku baƙaƙe a gindi, kusa da juna. Sai dai zoben ba da kaifi ta yi su ba. Da bayan wuƙa ta shafa, a hankali, ta ƙona fata kawai, ta cuɗa da man shanu da baƙin tukunya har ido ya rantse rami ne mai zurfi. Da ta gama, ita da kanta ta aika wa Mai Dogon Ido da fura a ciki, ta ce kada a yi gaggawar maido da ƙwarya.

Ido ya ga zurfi, hannu ya bi ido. Mai Dogon Ido ta sa kaifi ta yanka zobe uku a gindin ƙore masu arha, marasa kauri. Matan ruga suka yi rububi. Ranar kasuwa suka cika su da nono, suka ɗora a gammo, suka kama hanya a jere. Kafin su kai kwari, gindin ta farko ya zame kamar faifai, nono ya wanke mai ita tun daga kitso har ɗan yatsan ƙafa. Ta biyu tana cikin dariya tata ta buɗe. Haka suka shiga kasuwa fari fat, ƙuda na biye, kowacce riƙe da ƙwarya mai taga. Suka zagaye Mai Dogon Ido. "Ke da kika koya wa wance, gyara mana!" Aka kira mai zanen. Ta zo, ta kifa tata, ta hau kai da ƙafa biyu, ta tsaya. Ta ce, "Uwar ɗakina, hau taki mu gani."

"Ƙurunƙus," in ji Inna, "wuƙa ta huce, kowa ya nemi tabarmarsa."

Wata rana yayata ta ce, "Inna, to matan da nononsu ya zube, mi suka yi?" Inna ba ta ko ɗago kai ba. "Nono, gobe saniya ta kawo wani. Suna ba a tatsarsa sau biyu."

Sai da na girma na haɗa biyu da biyu. Akwai wata tsohuwa mai daddawa a bakin kasuwar Cadawa, Kande, wadda Inna ba ta taɓa gaisarwa ba. In za ta aike ni wurinta takan ce, "Ka duba gindin abin da za ta zuba maka." Mahaifiyata ce ta tabbatar mini Inna ce mai zanen, Kande ce Mai Dogon Ido: ita kanta tana cikin 'yan matan da suka shiga kasuwa fari fat a ranar.

Bayan haka na yi yawo. Na zauna da maƙeran azurfa a Agadas, na ga masu buga tambari a zane a Kumasi, na yi hira da masu rubutun ado a Alƙahira. Ko'ina na je, ban ga gwanin da bai ɗauka a wurin wani ba. Inna ma ɗauka take yi: saƙar tabarmar nan a wurin wata Buzuwa ta koya, ta kai mata man shanu, ta yi sati tana zama a gefenta, kuma har ta mutu "na Buzuwa" take kiran zanen. A Alƙahira na ga mai rubutu yana ambaton malaminsa kafin ya ambaci kansa. Harsuna daban, ladabi ɗaya. Abin da Kande ta yi shi ne shiga gida ba sallama, sannan ta ce ita ta gina shi.

To, ranar nan Ramatu ta miƙo mini waya. "Tsoho, sa gilashinka ka ga wanda na zaɓa. Na ƙasarmu ne ma, yana wani gidan tarihi a Turai."

Hoton ƙwarya ne. Ɗigon zabuwa a baki, saƙar tabarma, zobe uku a gindi. A ƙasa an rubuta da Faransanci: yankin Maraɗi, ba a san mai aikin ba. Zoben yankakku ne da kaifi, kuma a kan na tsakiya ga ɗinki ya zagaye, irin wanda masu gyaran ƙwarya suke yi da zaren kaba. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

"Wannan ɗinkin shi ya fi burge ni," in ji ta. "Dubi yadda gwanar ta ƙawata shi. Har na zana shi a kaye, littafin zanena."

"Amarya, ba ado ba ne, tabo ne. Kin zaɓi ɓarauniya, kuma kina shirin kwaikwayon inda aka kama ta."

Na tashi na buɗe akwatin ƙarfe, na fito da ƙwaryar da Inna ta taka a kasuwa. Na ce ta rufe ido ta shafa gindin. Ta shafa, ta sake shafawa. "Ba rami!" Sai na ba ta labarin duka. Hutun nan gaba ɗaya a bakin murhu ta yi shi, tana gwada bayan wuƙa a kan sakaina, ta ƙone yatsa biyu, kakarta tana faɗa wai na mayar da 'yar lakol maƙeriya. Daga baya ta fitar da nata: zobe uku na Inna, amma ta buɗe su suka zama kamar sawun shanu zagaye da rijiya, abin da Inna ba ta taɓa yi ba.

Ni kuwa zuciyata ba ta huce ba. Na ce ta rubuta wa mutanen gidan tarihin nan, ta gaya musu aikin Kande ne, kuma fashewa ya yi, duniya ta sani. Ramatu ta yi wani murmushi wanda rabona da ganinsa tun a bakin wutar ruga.

"Haba Tsoho, in ba ta suna kyauta? Bar ta yadda take. 'Ba a san mai aikin ba' ya ishe ta."

An buga atamfar gwaji yadi shida, ɗaya daga cikin ayyukan da lakol ta zaɓa. A gefen zanen, inda ake sa sunan mai aiki, an rubuta: Ramatu, daga hannun Inna Dado ta Cadawa. Yau roba ta kori ƙwarya daga kan masu nono, wutar wuƙaƙe ta mutu a rugarmu, ba kuma za ta sake tashi ba. Amma sunan Inna ya shiga rubutu, na Kande bai shiga ba.