Matattun Zabi a Benen Gudu

Mun tashi da asuba daga Zariya, ni da ƙanwata da wani allon zane mai faɗin ƙyauren ɗaki, naɗe cikin tsohon bargo. Ita ta zana shi. Wasu matasa masu zane ne suka kama ɗaki a Abuja don nuna ayyukansu, suka ba ta bango guda. Babanmu kuwa ya yanke magana tun kafin mu fito: in allon nan ya dawo gida ba a bar shi a bango ba, ta ajiye buroshi ta koma kan keken ɗinki.

Direba ya ce allon ma fasinja ne, sai da muka biya masa kujera, ga kuɗin mota ya ninka na bara. Daga Kaduna zuwa Tafa ba mai hira. Kowa ya san hanyar, baki na addu'a, ido na kan daji. A wani shingen bincike aka ce mu kwance bargon. Jami'in ya leƙa, ya ja da baya. Zanen zabi ne da kurciyoyi matattu kwance a gona, ƙafafu a sama, idanu a bushe, ga jan iri warwatse kusa da bakinsu. Ya ce mu rufe mu wuce. Matar da ke ta miƙo mana gyaɗa tun daga tasha ta janye ledarta, ba ta sake kallonmu ba. A Tafa na ci doya da ƙwai, ƙanwata ko ruwa ta kasa haɗiya.

Ɗakin nunin yana saman wani bene a gefen kasuwar Gudu, ƙasansa shagunan 'yan Kano da Katsina ne, masu atamfa da yadi. Ni na riƙe tsani aka rataya allon. Kafin azahar wani ya ɗauki hotonsa ya watsa a waya. Kafin mu idar da salla, labari ya zama wai an kafa asiri a saman bene don a kashe wa mutane kasuwa. Ɗan kasuwa kuwa ba ya wasa da abin da ke bisa rufin shagonsa.

Sai ga 'yan kasuwar sun cika matakala. Wannan ya ce mushe a bango ba alheri ba ne. Wancan ya ce zanen mai rai ma malamai sun yi magana, balle wannan. Wata 'yar gayu tana ta yabon aikin da Turanci, abin da ya ƙara tunzura su. Wani saurayi ya hau da almakashin yankan yadi, yana buɗewa yana rufewa. Mai benen ya ce a sauke kafin la'asar, ba ruwansa da rigima. Na tsaya gaban allon, ni da ko kaza ba na iya yankawa. Ƙanwata ta fara bayani cewa a gonar kawunmu ta ga tsuntsayen bayan an shuka iri mai magani, amma hayaniya ta haɗiye muryarta. Wallahi na ji tsoro, na kuma tausaya mata.

Ana cikin haka wata dattijuwa mai sayar da doya ta kutso, ita ma ta zo ganin asiri. Daga baya na ji daga ƙauyen Jiwa take kawo kayanta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta juya ga mai benen da gurguwar Hausarta.

"Oga, wannan ba juju ba ne. Yarinya bai yi ƙarya ba. Haka zabina duka ya mutu, ranar da mun shuka wannan jan iri."

Ta dubi ƙanwata, ta ɗaure fuska.

"Amma ke, 'yata, gidanku ana barin gawa a buɗe?"

Ta zare ƙyallen da take ninkewa a kafaɗa in za ta ɗauki kaya, don matan can ba sa ɗauka a ka. Ta kakkaɓe shi, ta sa na miƙa hannu muka lulluɓe allon. Mai benen ya dubi agogo, ya dubi ƙyallen, ya ce tunda an suturta, a bar shi.

Abin mamaki, waɗanda suka zo saukewa su ne suka yi layi, kowa ya ɗaga gefen ƙyallen ya leƙa, ya mayar a hankali. Mai almakashi ya fi kowa daɗewa. Da zai sauka ya ce mini a garinsu ma rabonsa da jin kukan kurciya har ya manta.

Washegari muka kamo hanya da bargo a ninke. Ƙanwata ta roƙi masu ɗakin kada a cire ƙyallen, ta kuma cinye doyar Tafa har da tawa. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne mutanenmu na iya kallon abu mai ɗaci, muddin an yi masa sutura an bar su sun ɗaga da hannunsu.

Mun tarar da Baba a zaure. Ya dubi bargon, ya ce, "Ina allon?"

Na ce, "Yana bango, Baba."

Sai ya leƙa cikin gida ya ce a fitar da keken ɗinkin nan daga ɗakin ƙanwata, ya cinye mata wuri.