Muryar Mama a Gwangwanin Batir

Ko da na so in manta da abin da ya faru a gidanmu na Kwoi shekarar da Mama ta rasu, zuciyata ba za ta yarda ba. Har yau in na buɗe tocila na ga batir ya yi tsatsa, sai gabana ya faɗi.

Mama ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta ikilisiyarmu. Gaskiya muryarta ba wani zaƙi ne da ita ba, tana da ɗan kaushi, amma in ta ɗaga ta sai tsigar jikinka ta tashi. Wata rana tana tsaga citta a tsakar gida, na ɗauke ta a kaset da rikodar Baba ba ta sani ba. Akwai waƙa a ciki, akwai korar kaji, har da inda take yi wa Baba faɗa don ya bar fartanya a bakin ƙofa. Shi ke nan abin da ya rage mana na muryarta.

Bayan jana'iza, kullum da yamma Baba zai zauna a gindin mangwaro ya kunna kaset ɗin, in an zo wurin faɗan sai ya yi murmushi. Ranar da rikodar ta soma tauna zaren, hankalina ya tashi. Ni da nake ganin na fi kowa wayo a gidan, sai na karɓe kaset ɗin. Na ce zan kai Kafanchan, inda nake koyarwa, a kwafa mana, in Kirsimeti ta zo mu ji tare. Kafin nan kuwa a adana shi inda ɓera da danshin damina ba za su kai ba.

Wurin da na zaɓa shi ne wani babban gwangwanin madara da Baba ke tara tsofaffin batura. Shi ba ya yar da batir. In ya yi sanyi zai shanya shi a kan kwanon ɗaki, ya ɗan cije shi, ya jefa a gwangwani, wai batir ba ya mutuwa, hutawa yake yi. Murfin na kamawa gam, kuma ba mai taɓa shi sai Baba. Na naɗe kaset a hankici na ɗora a kan baturan, na sa Baba ya yi mini alkawari ba zai buɗe ba.

Maganar kwafa kuwa, yau ne gobe ne, har damina ta wuce. Sau biyu da na zo hutu ya roƙe ni in kunna masa ko waƙa ɗaya. Na ce ya yi haƙuri, saura kaɗan. Wannan amsar ce ke cin raina har yanzu.

Ranar Kirsimeti, bayan sujada, ’yan’uwana da suka zo daga Sabon Tasha suka zauna a tabarma, Baba ya sa sababbin batura a rikoda. Ina ɓalle murfin gwangwanin wani wari ya bugi hancina. Baturan sun kumbura sun fashe, wani ruwa mai kauri ya cinye hankicin ya shige cikin kaset. Na sa hannu na ciro shi, yatsuna suka hau zafi, ban ma kula ba.

Washegari na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a kasuwar Kafanchan. Ya kwance shi a hankali, zaren ya manne, inda ya taɓa sai ya marmashe. Ya ce, "’Yata, wannan sai haƙuri." Ya ba ni ruwa da sabulu in sake wanke hannu, ya kuma gargaɗe ni kada mu zuba baturan a wuta ko a gona.

Da na dawo na durƙusa gaban Baba ina jiran faɗa.

"Ba laifinki ba ne, ni na tara su," in ji shi. "Amma da kin bar ni na ji shi har ya tsinke da kansa. Muryan Mamanki ya fara ɓace mini a kunne."

Ya rayu shekara shida bayan haka, bai sake tayar da zancen ba. Ni ma yanzu ina iya tuna kalmomin waƙoƙinta, amma in na nemi muryar a kaina, tawa nake ji. Ina kewarta ƙwarai.

Tun daga ranar na koyi cewa mataccen batir ba abin ajiya ba ne, kuma ba a haɗa shi da wani abu mai daraja. Na kuma koyi wanda ya fi wannan ciwo: in mutum na neman ta'aziyya a wurinka yau, kada ka ce masa ya jira ranar biki.