Fuskar da Sumba Ta Goge

Ghisola ta tashi a shagon mahaifinta a Bologna, tana niƙa masa shuɗin dutse na haɗa fenti tun tana 'yar mitsitsiya. Da ta girma, gari ya san ta da ƙawata littattafan addu'a: ruwan zinariya a harafin farko, furanni a gefen shafi. Ba ta yi aure ba, aikin ne ya cinye ƙuruciyarta.

Bayan ta tsufa, ido ya fara gazawa, sai ga Bartolomea, matar wani mai sayar da yadi, rungume da littafin da ta gada daga mahaifiyarta.

"Inna, dubi hoton Maryamu, fuskar duk ta goge. Ki sabunta mini ita."

Ghisola ta kai shafin bakin taga, ta gane aikin hannunta ne. Ta yi dariya har da tari.

"Ba ruwa ne ya ɓata ta ba, 'yata, bakin uwarki ne. Duk shekarun da ta yi tana roƙon haihuwa, fuskar nan take ta sumbata. Na sha ce mata, baiwar Allah, za ki lashe mini fenti!"

Bartolomea ta shafa wurin da yatsa, idonta ya cika da hawaye. "To, a bar ta haka."

Ghisola ta gyara ɗinkin da ya saki kawai, ta rubuta sunan Bartolomea ƙarƙashin na uwarta. Shi ne aikinta na ƙarshe. Ta rasu kafin a girbe inabi, kuma Bartolomea ce ta yi jinyarta.