Takardar da Malama Ta Naɗe a Hankici

Ƙaramar 'yata ba ta jure madara. Ko kaɗan ta sha sai cikinta ya kumbura, ta yini tana murƙususu. Ranar da muka sa ta makarantar yara a Garki, na rubuta duk abin da likita ya hana ta, na sa a jakarta. Da ajami na rubuta, don da shi hannuna ya saba.

Bayan kwana uku aka raba musu kek a aji. Ta dawo gida riƙe da ciki, ko kukan kirki ba ta iyawa.

Washegari na je wurin malamarsu, wata 'yar Filato mai kirki. Ta ɗauko takardar daga saman kabad, a naɗe cikin farin hankici.

"Baba, na ga Larabci, na ɗauka addu'a ne. Shi ya sa na ajiye inda ba za a taka ba."

Na kasa yi mata faɗa. Na zauna ina karantowa, tana rubutawa da boko. Da muka zo kan man shanu, wanda ake sakawa a kek, sai ta ajiye biro, ta tambaye ni yadda yarinyar ta kwana.

Na ce da sauƙi, alhamdulillahi.