Ranar da Yaya Haruna Ya Riƙe Bututu

Ku da kuka taso a unguwar Hindawiyya ta Makka bayan yaƙin duniya kun san tafiyar Yaya Haruna. Kansa kullum a sunkuye, kuma ba tawali'u ba ne, ƙasa yake dubawa. Lanƙwasasshiyar ƙusa, guntun igiya, murfin gwangwani, tsumma, duk sai ya tsuguna ya ɗauka ya cusa a aljihu, har rigarsa ta karkace gefe guda. In ka ce masa abu ya mutu, sai ya dube ka da tausayi ya ce abu ba ya mutuwa, suma yake yi. Ni Hajara, ƙanwarsa, a gidansa na zauna tun rasuwar mijina, don haka babu sumammen da ban yi jinyarsa ba.

Butar alwalarsa ta sha faci har ba a gane asalinta. A bakin lungunmu akwai Salim samkari, mai gyaran butoci da kayan kwano. Kullum Yaya sai ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya wuce da butarsa tana ɗiga. Wata rana Salim ya ce ya kawo ya liƙe masa don Allah kawai. Yaya ya ce ya gode, amma ɗigar tana da amfani, ita ke hana shi ɓata lokaci a wurin alwala.

To, irin wannan mutum ne bututun madafarmu ya faɗa hannunsa.

Gidan hawa biyu ne. Madafa tana sama, da ɗan kwarmi a kusurwa inda nake zubar da ruwan wanke-wanke. Daga kwarmin wani bututun kwano ya huda ƙasa ya leƙo ta rufin ɗakin da ke ƙarƙashi, a nan ya shiga bakin bututun laka da ke bin bango zuwa rami. Mahaɗar nan tasu ita ta fara tsatsafa. Na ce a kira Salim. Yaya ya ce ina, ya naɗe ta da tsumma da sabulu, ta kwana biyu ta dawo. Ya kwaɓa dabino da toka ya shafe ta, ya ce haka ya ga ana yi a Sudan lokacin da iyayenmu suka ratso da mu. Ruwa ya tsaya kam, amma kafin la'asar tururuwan Makka duk sun sami labari. Da na nuna masa layinsu a bango sai ya ce to ai su ma baƙin Allah ne. Daga ƙarshe ya tura tsumma cikin bakin bututun da tsinke, ya ɗaure da fatar tsohon takalmi, ya sauko yana kakkaɓe hannu, ya ce an gama har abada.

Ana haka lokacin aikin hajji ya kama, muɗawwifi, mai yi wa mahajjata jagora da masauki, ya sauke mana alhazai a ɗakin ƙasan. Cikinsu akwai wani tsoho Bagobiri, Malam Barau, wanda ya yi shekaru a hanya, yana noma a gonakin mutane yana matsowa. Ya iso da zazzaɓi a jikinsa. Abin da ya fi daraja a kayansa shi ne likkafaninsa, farin saƙi da marigayiyar matarsa ta kaɗa zarensa. Tun ranar da ya sauka ya gaya mana burinsa biyu ne, ya tsaya a Arfa, ya kuma wanke wannan ƙyalle da ruwan Zamzam.

Ran da abin ya faru, da safe abokan tafiyarsa suka riƙe shi zuwa Harami, ya wanke likkafanin, suka dawo da shi suka koma. Ya nemi inda zai shanya, bai yarda da soro ba saboda ƙura da tattabaru. Sai ya ɗaura igiya a cikin ɗaki, gefe ɗaya a tagar katako, ɗaya gefen kuma a jikin bututun nan. Ya shanya jiƙaƙƙen ƙyallensa, ya kwanta a ƙarƙashi, barcin zazzaɓi ya ɗauke shi.

Ni ina sama ban san komai ba. Kayan ciki nake wankewa, tumbi da hanji. Na ɗaga daro guda na ruwan na juye a kwarmi. Maimakon ya wuce sai ya tsaya cak, yana kallona. Tsumman da Yaya ya tura ya zurma ciki ya toshe hanya.

Can na ji ana kiran sunana daga ƙasa, a hankali, da wata murya da ban san Yaya da ita ba. Na sauka na leƙa. Yana tsaye a kan wani tsohon akwati, hannuwansa biyu a sama, ya rungume mahaɗar da rawaninsa. Nauyin jiƙaƙƙen ƙyallen ya ja bututun har bakin ya buɗe. Ashe ya shigo duba jikin tsohon ne ya ga ɗigon farko yana taruwa, ya tare shi da tafin hannu. Ruwan tumbi yana bin damtsensa yana gangarawa cikin riga. Likkafanin kuwa yana rataye dab da ƙirjinsa, fari tas, tsohon yana kwance a ƙasa yana numfashi da ƙyar.

Ya ce, "Hajara, kada ki taɓa igiyar. In ta motsa, ya ɓalle."

Na ce bari in hau in kwashe ruwan daga sama. Ya ce hannunsa ba zai jure har in gama ba, in fara janye ƙyallen. Na dubi hannuwana, duk maiƙo da ƙarnin hanji. Ruwan gidan kuwa ya ƙare, mai kawo mana a garwa bai zo ba tukuna. Butar tsohon na ɗauka, na fita bakin ƙofa na cuɗa hannu da toka, ina wankewa ina jin akwatin yana ƙara a ƙarƙashin ƙafar Yaya.

Raina ya ba ni abubuwa da yawa a lokacin. In ruwan nan ya sauka, muɗawwifi zai kwashe baƙinsa, ba kuma zai sake kawo mana wasu ba, alhali da saukar alhazai muke rufa wa kanmu asiri. Amma wannan duk mai sauƙi ne. Tsohon nan a yadda jikinsa yake, ban ga ƙarfin da zai sake kai shi Harami ba, kuma in ya farka ya ga aikin hannun matarsa cikin ƙazantar tumbi, ban san me zai rage masa ba.

Na dawo na tsaya a kansa na fara zame ƙyallen daga igiya, kaɗan-kaɗan, ina naɗewa a hannu. Duk tafin da na ja, igiyar ta yi sauƙi, bututun ya motsa, Yaya ya cije leɓe. Gumi ya rufe masa ido, ba hannun sharewa. Ina jin yana karanta duk abin da ya zo bakinsa, har da addu'ar shiga kasuwa. Wani ɗigo ya kuɓuce ya faɗi a tabarma, dab da kunnen tsohon.

Ina cikin naɗe ƙarshen ƙyallen Malam Barau ya buɗe ido. Ya ga mace a kansa rungume da likkafaninsa, ya ga namiji a sama ya ɗaga hannuwa yana karatu. Ya dube mu, sannan ya ce a hankali, "Baiwar Allah, na cika ne?"

Na ce, "Da sauranka, Baba. Amma don Allah mirgina can."

Ya mirgina, na ja tabarmarsa da ƙafa, na fita da ƙyallen a ƙirjina. Ban kai ƙofa ba akwatin ya karye. Abin da ke cikin kwarmi duka ya sauko a kan Yaya Haruna, tun daga kai har ƙafa. Yana zaune a cikinsa, da guntun hanji a kafaɗa, abin da ya fara tambaya shi ne ko ya taɓa likkafanin. Na duba ƙyallen gefe da gefe a hasken ƙofa, na ce ko ɗigo. Sai ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba.

Da mai garwa ya kawo ruwa ya yi wanka ya fita, sai ga shi da Salim. Salim ya zaro tsumman, ya yanka sabon kwano ya yi wa mahaɗar wuya, ya liƙe da dalma. Yaya yana tsaye yana gaya wa maƙwabta cewa shi ya riga ya gama aikin, taya shi kawai aka zo yi. Ba wanda ya musa masa.

Kafaɗunsa sun yi kwanaki ba sa ɗaguwa, ni nake sa masa riga. Duk da haka shi ya zauna jinyar tsohon, yana ba shi kunu da cokali, kuma da ranar Arfa ta zo shi ya nemo jaki ya ɗora shi, ya riƙe masa lema har rana ta faɗi. Malam Barau ya warke ya koma gida, kuma na ji an ce ya daɗe yana ba Gobirawa labarin yadda ya ga mutuwarsa a Makka, tana ƙarnin tumbi.

Yaya bai taɓa ba da wannan labari da bakinsa ba. Sau ɗaya dai, a ciwonsa na ƙarshe, ina shafa masa mai a kafaɗa, ya ce da ni tun ranar nan wurin bai daina yi masa ciwo ba, kuma bai taɓa roƙon Allah ya ɗauke masa shi ba.

Allah ya jiƙan Yaya Haruna, ya yafe masa taurin kansa, ya sanyaya makwancinsa. Yadda ya tare wa baƙo abin da zai ɓata masa rai, Allah ya tare masa abin da yake tsoro. Amin.